Da Muka Kai Ɗan Dako Maraɗi

Tun ranar da muka dawo daga Maraɗi ban huta ba. A ɗakin malamai a Shagari tambaya, a tashar Boɗinga tambaya, har mai sayar mini da man babur sai da ya riƙe mazurari ya ce ba zai zuba ba sai na gaya masa ko gaskiya ne mun kayar da Faransawa. Ba mu ga Bafaranshe ko ɗaya ba, kuma ba mu kayar da kowa ba. Bakina ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, malamin kimiyya ne ni, ina koyarwa a Shagari ina kwana a Boɗinga. Shekarun baya na tsinci wani buhu a wajen 'yan gwanjo a Sakkwato, cike da bulon roba, ƙananan nan masu ƙuraje a ka da ramuka a ƙasa, waɗanda ake danna ɗaya a kan ɗaya su kama juna. A gindin buhun akwai 'yan injuna biyu, da wani ɗan akwati mai batir da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta, wanda nake kira ƙwaƙwalwa, da wani ɗan abu da ke gane nisa da girman abin da ke gabansa, wanda nake kira ido. Wajen rubuta umarni ba na jin tsoron kowa a ƙaramar hukumar nan. Gini ne ya gagare ni. Duk mutum-mutumin da na haɗa, da ya yi taku uku sai ya watse.

Surukina, Baba Magaji na Sifawa, mahaifin matata Hadiza, magini ne. Shekara arba'in yana gini, kuma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: babu wani abu da ya taɓa ginawa ya faɗi. Sai shi ya faɗo daga tsani, ƙugu ya karye. Ƙashi ya haɗe, amma ya bar shi da sanda. Daga nan Baba ya shiga ɗaki ya zauna a kujera kusan shekara, ko ƙofar gida ba ya leƙawa, don ba ya son a gan shi yana ɗingishi ana yi masa sannu. Wata rana Hadiza ta ɗauki wani karkataccen abu da na haɗa ta kai gidansu don ita da Inna, mahaifiyarta, su yi mini dariya. Baba ya hango shi daga ɗaki, ya ce a miƙo. Ya juya shi, ya ga na jera bulo gaɓa a kan gaɓa, ya tambayi wanda ya yi wannan ɓarna. Washegari ya aiko a kai masa buhun gaba ɗaya.

Haka muka raba aiki, shi jiki, ni ƙwaƙwalwa. Abin da ya fito muka sa masa suna Ɗan Dako: taya huɗu, hannu ɗaya, ido ɗaya, girmansa bai wuce babbar rediyo ba. Aikinsa ya ɗauki albasa, in babba ce ya kai kwandon dama, in ƙarama ce ya kai na hagu. Da albasar Mandera, nan yankinmu, na horar da shi, wadda nake samowa a gonar wani abokina. Baba ya fara fitowa zaure, sannan ƙofar gida. Majalisar dattawa da ke gindin dogon yaro kusa da masallaci kuwa bai koma ba, don ya ji labarin a can ana cewa tsufa ya mayar da shi wasan yara.

A wani zauren waya na masu sha'awar irin wannan haɗe-haɗe na sa bidiyon Ɗan Dako. Wata malamar makaranta a Maraɗi, Madam Hajara, ta gani ta gayyace mu taron da suke yi na yini ɗaya. Ta rubuto mini ƙa'idarsu a fili: kowa zai wargaje abinsa a gabansu, sannan ya sake haɗa shi cikin awa biyu ba tare da duba zane ba. Na durƙusa na karanta wa Baba, na kuma kawo shawara a hankali ko za mu gwada wargajewa sau ɗaya a gida. Ya ce, "Malam, magini ba shi rushe gininai don gwaji. In mun kai can mu gani." Da wani ne da na ja magana. Suruki ne, sai na ce to.

Da safen da za mu tashi Hadiza ta biyo ni har wajen babur. Ba ta yi mini addu'ar hanya ba sai da ta faɗi abin da ke ranta.

"Malam, kai kah hid da shi ɗaki. In anka yi mai dariya can, komawa za shi yi, kuma wanga karon ba ya hitowa. Ka maido man ubana da kainai sama."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Da gaske nake, don a lokacin ban ga ta inda za a yi mana dariya ba.

Daga Sakkwato zuwa Illela ƙaramar mota muka shiga. Direba ya so ya cusa kwalin Ɗan Dako a but ya danne shi da buhunan wani mai gishiri, Baba ya ce sai dai a ɗaure shi shi a but ɗin. Ya zauna gaba da kwali a cinya, ni na shige baya can ƙurya, kamar yadda ya dace. A nan na gano kuskuren Hadiza. Kwano ɗaya ta zuba mana guzuri, waina da dambun nama, kuma kwanon yana hannun Baba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ba a cin abinci a gaban suruki. Kafin Kware Baba ya buɗe, ya miƙa wa direba, ya miƙa wa mai gishiri, ya miƙo baya. Na ce alhamdu lillahi na ƙoshi. Mai gishiri ya cinye rabona yana yabon hannun matata, ni kuwa na kafa wa gonakin Gwadabawa ido kamar zan saya.

A iyaka takardunmu sun cika, katin shaida da katin rigakafi, don ni ba na tafiya da gyara-gyara. Na ɓangarenmu suka leƙa kwali, suka tambaya ko yana tashi sama, da na ce ko tsalle ba ya yi suka ce mu wuce. A ɓangaren Nijar wani dogon jami'in duwan, wato kwastan nasu, ya ce bai yarda da bayani ba sai ya gani da ido. Muka ɗora Ɗan Dako a teburinsa, na ajiye albasa biyu, na kunna. Ya tafi tiryan-tiryan, ya wuce albasa, ya cafke jan hatimin jami'in da ke gefe, ya jefa a kwandon ƙanana. Jami'in ya yi dariya har ya cire hula, ya kira abokan aikinsa aka sake yi. Da zai mayar mana ya kama bulo ɗaya ya ja, don ya ga yadda suke kama juna. Bai fita ba. Ya ƙara ƙarfi, bai motsa ba. Ya dubi Baba ya ce, "Tsoho, wanga gini na." Baba ya gyara zaman hularsa. Ni ma na ji daɗi, ban kuma tambayi kaina komai ba.

Ƙonni, garin farko bayan iyaka, ba baƙon wuri ba ne ga Basakkwace. Hausarsu tamu ce, sai dai kowace jimla sai an yayyafa mata Faransanci. Burodinsu dogo ne mai tauri, ana ratayo shi a hammata ba leda. Abin da ya burge ni babbar motarsu. Tikiti da lambar kujera, kaya da lamba, kuma lokaci na cika direba ya ja, ko da rabin kujeru babu kowa. Na tuna tashar Boɗinga inda za a ce maka saura mutum ɗaya tun hantsi har azahar. Abin da ya ba ni haushi kuma hutunsu na tsakar rana. Na je sayen layin waya na tarar an ja ƙofa, aka ce sai ƙarfe uku. Na ce wa Baba mutanen nan da barcin rana za su ƙare. Wannan magana na haɗiye ta washegari.

A motar aka haɗa ni kujera da wata Hajiya, dillaliyar albasa, za ta sauka Galmi. Ba mu yi nisa ba ta ɗaga hanci ta ce akwai albasa a jakata. Da na amsa, ta tambaya daga ina. Da na ce daga Mandera, sai ta juya ta sanar da duk motar cewa ga wasu 'yan Nijeriya sun ɗauko albasa za su ratsa Galmi da ita. Aka yi ta dariya. Ta karɓi ɗaya ta matsa wuyanta, ta ce ba laifi, amma an cika mata ruwa, ba za ta yi wata uku a rumbu ba. Baba da ke kujerar gaba ya waiwayo ya ce tamu ba don rumbu aka kawo ta ba, ma'aikaciya ce. Sai da na nuna mata bidiyo ta yarda. Da za ta sauka ta kwance ƙullinta ta ba mu guda shida, faffaɗa masu nauyi, ɗaya ta kusa cika tafin hannuna biyu. Ta ce a ba Ɗan Dako ya san ya zo ƙasar manya.

A Madawa aka tsaya salla. Ina sallamewa na sayi kilishi da rabin burodi na zagaya bayan mota, na tsaya ina turawa ba ko taunar kirki. Direba ya danna oda. Sai na jiyo muryar Baba ta taga yana ce masa ya dakata, Malam na duba masa tayar baya. Ashe tun Kware yake lura da ni.

Bayan la'asar muka shiga Maraɗi. Madam Hajara ta tarbe mu, mace mai fara'a da saurin magana, ta kai mu masaukin baƙi na wata makaranta. Ɗaki ɗaya, gado biyu. Na ja ta gefe na yi mata bayani. Ta ce ta san kunyar surukai, su ma suna yi, amma ba ta zaci za mu ɗauko ta mu tsallako iyaka da ita ba. Ɗaki dai babu wani, sai na shimfiɗa tabarma a baranda. Jakar albasar Mandera na ajiye a bakin ƙofa don ta sha iska, ta Hajiya kuwa tana cikin kwali. Matar mai gadi, Inna Barira, ita ke dafa wa baƙi. Da magariba ta kawo shinkafa da wata miya da ban taɓa cin irinta ba, zaƙi har kunne. Na ci a baranda, Baba ya ci a ɗaki, kowa ya yaba.

Da safe abu biyu suka faru. Na farko, na nemi jakata na ganta a wanke an shanya a igiya. Inna Barira ta zo tana godiyar tsaraba, ta ce baƙi da yawa suna zuwa amma ba wanda ya taɓa tunawa da ita sai mu. Ashe ma'aikatan Ɗan Dako muka cinye jiya. Na ce mata Allah ya sa albarka. Na biyu, na ga layin kiyashi ya taso daga bango ya shige kwali. Na ce ko wani abu ya zube a ciki. Baba ya kakkaɓe su da gefen riga, ya rufe kwalin.

Zauren taron wani babban aji ne a makarantar da muka sauka. Na zaci matasa zan tarar, sai na ga manya irinmu: wani tela daga Damagaram, wani mai gyaran waya daga Katsina, mata biyu ma'aikatan asibiti daga Tawa, da wasu daga Yamai. Wani abinsa bin baƙin layi yake yi, na matan nan kuwa guga yake zurawa a 'yar rijiya ya jawo ruwa. Na zagaya na duba kowanne, na ce a raina ba wanda ya kai namu kyan jiki, kuma har yau ban canja ra'ayi ba. Aka sha jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci. Wajen sha ɗaya da rabi Madam Hajara ta ce kowa ya wargaje, za a fara haɗawa ƙarfe uku bayan hutu.

Ko'ina ka ji ƙas-ƙas, bulo na zuba a tebur. Baba ya zauna ya harɗe hannu. Na cire injuna da ƙwaƙwalwa da ido, suka fita salin-alin. Na kama bulon farko na jiki na ja. Shiru. Na sa farce, na sa makulli, har haƙori na sa. Madam Hajara ta iso teburinmu, ta ɗaga Ɗan Dako ta duba ta ƙasa, ta kankaro wani abu mai ruwan zuma da ya bushe a tsakanin bulo. Ta ce, cikin ladabi amma kowa ya ji, an sa wa wannan gam, kuma abin da aka manne ba ya shiga. Wani ya yi dariya a bayanmu, telan nan ne na Damagaram.

Na sunkuya kusa da Baba na ce, "Baba ya sa wani abu tsakanin bulon?"

"Ƙaro na. Wurin Malam mai tawada nis samo. Kai ka taɓa ganin gini babu laka?"

Sai komai ya faɗo mini lokaci ɗaya, jami'in duwan, kiyashi, da ƙin gwaji. Bulo ɗaya-ɗaya ya bi ya shafa wa ƙaro kafin ya danna, yadda ya yi shekara arba'in yana shafa laka. Kayana ne kawai bai taɓa ba. Haushi ya kama ni, amma rabin haushin na kaina ne, don da na dage a Sifawa da a zaure za a gano, ba a gaban mutanen ƙasa biyu ba. Na dubi fuskarsa. Ita ce fuskar da na sani a ɗakin nan, ido a ƙasa, baki a tsuke. Ya lalubo sandarsa ya ce, "Ɗauko kwali, mu tai gida." Na san in muka fita ƙofar nan a haka, ɗaki zan mayar wa Hadiza da shi.

Mutane suka fara watsewa zuwa hutun da na zaga jiya. A nan allon karatuna ya faɗo mini a rai. Tawada da ƙaro ake haɗa ta, kuma da ruwa muke wanke ta. Na tari Madam Hajara a bakin ƙofa na tambaye ta, in ƙarfe uku ta yi ta tarar da bulonmu a warwatse a wanke, da sauran magana? Ta ce ƙa'ida ba ta nemi fiye da haka ba. Na koma wajen Baba. Shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa musa masa ba, ban ma taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai ranar.

"Baba, ba mu tahiya. Ƙaro ruwa na cin shi. Ni in rushe, Baba shi gina."

Har na fara tunanin ta inda zan ba da haƙuri. Sannan ya ajiye sandar.

"A'a. Wanda yag gina shi ka rushewa. Nemo ruwa."

Inna Barira, wadda mai gadi ya riga ya gaya wa gaskiyar albasa, ta zo da babban baho da ruwan ɗumi tana ta ba da haƙuri. Muka zauna a inuwar baranda muka tsoma Ɗan Dako. Ruwa ya fara komawa kalar shayi. Baba ya sa babban yatsa yana ɓamɓarewa daga sama zuwa ƙasa, ya ce haka ake sauke gini, ba a farawa ta gindi. Ni ina bin kowane bulo da buroshin haƙorina. Sau uku aka canja ruwa. Can sai ga telan Damagaram ya dawo, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce shi ma ranar da ya fara haɗa nasa, ɗinke shi ya so yi da zare. Ya zauna ya kama fifita bulon da muka baza a tabarma, yana busa ramukan da baki. Inna Barira ta kawo dambu da zogale a kwano ɗaya ta ajiye tsakaninmu. Na fara kallon bango. Baba ya ce, "Malam, sa hannu. Yau kai lebura na." Na sa hannu, kuma ban taɓa cin dambu mai daɗinsa ba.

Ƙarfe uku muka zube bulonmu a tebur, Madam Hajara ta ɗebi kaɗan ta shinshina, ta ce bisimilla. Sauran mutane da launi suke ware nasu. Baba da tsawo ya ware, dogaye gefe, gajeru gefe, ya shimfiɗa tushe, ya fara ɗorawa yana karya gaɓa. Ya zaro zare daga aljihu da ƙwallon dabino a ɗaure a bakinsa, yana sakewa a gefen gini don ya ga ko ya miƙe. Abin da ya taɓa mini zuciya, duk bulon da ya ɗauka sai hannunsa na dama ya tafi gefe neman laka, ya tarar babu, ya dawo. Kafin awa guda mutane sun bar teburinsu suna leƙen namu. Ya gama da sauran lokaci, na mayar da injuna da ƙwaƙwalwa da ido, na gyara umarni don albasar da ta rage mana ta Hajiya ce.

Da layi ya zo kanmu na jera albasa uku. Ɗan Dako ya ɗauki ta farko, ya kai hagu. Ya ɗauki ta biyu, ya kai dama. Aka tafa. Ya nufi ta uku, uwar nan mai cika hannu biyu. Ya kama, ya ɗaga, hannun ya yi rawa, sai ya ɓalle daga kafaɗa ya faɗi a tebur, albasa ta gangara ƙarƙashin kujeru. Shekara arba'in ba a taɓa ganin ginin Baba Magaji a ƙasa ba, sai yau, a gaban mutane, kuma ni na hana shi tafiya. Na kasa ɗaga kai.

Ƙarar sanda na ji. Baba ya matso, ya ɗauki hannun ya duba inda ya rabu, ya ɗauko dogayen bulo biyu daga ragowar, ya gitta su a kafaɗar, ya danna da babban yatsa har suka yi ƙas. Telan Damagaram ya rarrafa ya ɗauko albasar. Baba ya ce, "Malam, tada shi." Na kunna. Ɗan Dako ya kama ta, ya ɗaga, ya tafi yana nishi har kwandon dama ya sauke. Ana tafi Baba bai kalli kowa ba, Ɗan Dako yake kallo. A hankali ya ce, kamar da kansa yake, "Da katanga ta, da sai an jira rani. Wanga in yah hwaɗi, tashi shika yi."

Kyauta dai matan Tawa suka ɗauka da 'yar rijiyarsu, kuma sun cancanta. Mu takardar yabo aka ba mu da Faransanci, wadda har yau ban nemi mai fassara ba. A hanyar dawowa muka sake tarar da dogon jami'in nan. Ya gane mu, ya kama bulo ya ja don ya nuna wa wani sabon abokin aikinsa ƙarfin ginin, sai bulon ya fita a hannunsa. Ya rikice yana ba da haƙuri. Baba ya karɓa ya mayar, ya ce haka aka yi shi.

Mun iso Sifawa da yamma, Hadiza na gidansu tana jira. Baba ya amsa sannu da zuwa a gajarce, ya shige ɗaki da kwalinsa, ya saki labule. Ta dube ni. Na ba ta labari duka, har faɗuwar hannu, ban rage komai ba. Ta ce za ta kwana nan ta gani, ni na wuce Boɗinga ba tare da na san abin da na maido mata ba.

Da safe kafin in tafi Shagari na biyo ta Sifawa. Na tarar da Hadiza tsaye a ƙofar ɗakin da kwanon kunu a hannu. Kujera na nan, Baba ba ya nan, babu sanda, babu kwali. Muka fito tare. Daga bakin lungu muka hango shi a gindin dogon yaro, tsakiyar dattawan nan da suka ce ya koma wasan yara. Da ƙafarsa ya tako, da sandarsa, ta gaban kowa. Ya baza Ɗan Dako ɗai-ɗai a tabarma, yana riƙe da hannun nan a sama, yana ba su labarin yadda gininsa ya faɗi a Maraɗi. Shi ya fi kowa dariya.

Hadiza ta tsaya tana kallo har kunun ya huce, hawaye na zuba ba ta share ba. Sannan ta juya ta koma cikin gida, na bi ta. Ta ajiye kwanon, ta shiga ɗakin, ta jawo kujerar nan da ya yi shekara a kai har tsakar gida.

"Inna, ga wagga. Ki shanya kuɓewa bisa."